Ta Ɗayan Ajinmu Ba Ni Ba Ce

Duk shekara a bikin yaye ɗalibai na makarantar da nake koyarwa, shugabar makaranta takan nuna ni ta ce wa yara, "Ku dubi Malama, daga ƙauye ta fito, ƙwazo ne ya kawo ta nan." Sai in yi murmushi, yara su tafa. Amma ni na san abin da na sani. Tun daga aji uku na firamare har muka fita, ban taɓa zuwa ta ɗaya ba. Ta uku nake zuwa, wani zangon ma ta huɗu. Ta ɗaya kullum maƙwabciyarmu ce, wadda dangan kara ɗaya ya raba gidanmu da nasu. Na biyu kuwa wani yaro ne Bafulatani da ke tahowa daga ruga a ƙafa. Cikin mu ukun ni kaɗai ce na taɓa ganin takardar jarrabawar fita sakandare da idona.

An haife ni a 1995 a wani ƙauye da ke kudancin jihar Kano. Baba manomi ne, da rani kuma yana ɗaukar kekensa na ɗinki zuwa kasuwar mako. Inna tana suyar awara da ƙuli-ƙuli a cikin gida, mu ne ƙafafunta a waje. An sa ni firamare a 2001, shekara biyu bayan Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, lokacin da ake ta shela a rediyo cewa karatu kyauta ne. Kyautar gaskiya ce ta fuskar kuɗin makaranta. Sai dai yunifom ba kyauta ba ne, littafin rubutu ba kyauta ba ne, ga kuɗin PTA, ga tsintsiya duk farkon zango. Abin da ya fi duk waɗannan tsada kuma shi ne farantin tallan da ke zaune a gida tun daga safe har azahar.

A ƙa'idar wancan lokacin, an ce a koyar da yaro da harshen gidansu a shekaru uku na farko, daga aji huɗu a koma Turanci. Mu dai da Hausa muka fara, da Hausa muka gama. Malamin Turancinmu, Allah ya jiƙansa, yakan karanta jimla ya fassara mana, mu amsa da amo. Mun fita firamare muna rera waƙoƙin Turanci ba gargada, amma a ce ɗayanmu ya rubuta wasiƙa mai layi biyar, sai an kai ruwa rana.

Yaron rugar nan shi nasa wahalar ninki biyu ce. A gida Fulatanci yake ji, a aji sai ya fara kama Hausa tukuna, sannan ya hau Turanci ta kan Hausar. Yara suna tsokanar sa da ɗan daji saboda yadda yake furta wasu kalmomi, shi ya sa ya zaɓi zama a can bayan aji kusa da taga. Amma in aka zo lissafi, kafin malam ya gama rubuta tambaya a allo ya riga ya ɗaga hannu. Muna aji biyar, bayan an gama girbi, wata Litinin wurinsa ya zama fanko. Aka ce sun tashi, sun yi kudu da shanu. Tun 1989 aka kafa hukumar da ke kula da karatun 'ya'yan makiyaya a ƙasar nan, ko ya ci karo da ɗaya daga makarantunta a inda suka sauka, Allah masani. Malam ya ci gaba da kiran sunansa a rajista har mako biyu, sannan ya ja layi a kai.

Ita kuwa ƙawata sai da muka gama tare. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ke riƙe da su biyar da sana'ar fura. Kafin a buga ƙararrawa ta riga ta zaga da ƙwarya sau ɗaya, in aka tashi ta sake ɗauka. Ban taɓa ganin ta da littafi a gida ba, ba ta da lokacinsa. A aji take ji, a aji take riƙewa. Ni ce ke tsallaka danga da daddare in ce ta nuna min rabawa mai saura.

Babu sakandare a ƙauyenmu. Mafi kusa tafiyar sama da awa ɗaya ce a ƙafa, ta cikin gonaki, kuma ba uwar da za ta saki budurwa a wannan hanya kullum hankalinta kwance. Na sha jin 'yan boko a rediyo suna cewa jahilcin iyaye ne ke hana 'ya'ya mata karatu. Mahaifiyar ƙawata ba ta yi boko ba, amma lissafi ta yi, kuma lissafin nata ba na wawa ba ne. Shekara shida ba talla, ga kuɗin mota ko na kwana, a ƙarshe kuma ba wanda zai ba ta tabbacin yarinya za ta ci jarrabawa, balle ta samu aiki. A ɗaya gefen ga manemi ya fito, ga kayan ɗaki da ake tarawa da ribar tallan nan tun tana shekara takwas. Ba ta taɓa ganin wata mace daga ƙauyen da karatu ya kai wani wuri ba. Shekara ɗaya da rabi bayan mun fita firamare aka ɗaura mata aure. Ni na riƙe mata mayafi ranar kamu.

To me ya raba ni da ita? Abu biyu ne, kuma ba ɗaya da ke cikin kaina. Ina da Gwaggo, ƙanwar Baba, da ke aure a cikin birnin Kano, mijinta direba ne a wata ma'aikata. Ina kuma da Yaya, wanda ya bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare, da farko don noman firi da maimai, daga baya ya shigo birni yana achaba. Gwaggo ta ce a ba ta ni in taya ta aiki in riƙa zuwa makaranta. Yaya ya ce littafi da takalmi a kansa. In an tambaye ni me ya ba ni NCE, wato takardar shaidar malanta, amsar gaskiya ita ce Gwaggo da babur.

Gwaggo ta riƙe ni da amana, ba zan ci mata fuska ba. Amma a gidan akwai 'ya'yanta maza biyu, ɗaya sa'ana ne, ajinmu ɗaya. In aka tashi daga makaranta shi zai ci abinci ya tafi ƙwallo, da magariba ya buɗe littafi. Ni kuma wanke-wanke, ɗebo ruwa in mai kura bai zo ba, kai niƙa, goyon auta, ɗora tuwon dare. Sai bayan isha nake zama da tocila a baki, in karanta shafi biyu barci ya kwashe ni. Ba wanda ya tsara haka da mugunta. Haka aka tarar, namiji ba ya wanke tukunya. Ranar da katin sakamako ya zo na fi shi maki, mijin Gwaggo ya yi dariya ya ce masa, "Kai, mace ta wuce ka?" Ni ba a ce min komai ba, faɗan ma nasa ne.

Akwai abin da har yau in na tuna sai ya sosa min rai. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya na kwana, tun daga Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, daga baya aka yi na mata. Da jarrabawa ake shiga, kuma 'ya'yan talakawa da yawa ta nan suka bi suka zama likitoci da injiniyoyi. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja cewa ƙwaƙwalwa ba ta san gidan mai kuɗi ba. Ni ban faɗi jarrabawar ba, ban ma san ana yin ta ba sai da aka gama. Waɗanda suka zauna a ajinmu duk masu wani ne a gida da ya san lokacin fom. Sanin ranar da ake sayar da fom ma gado ne.

A aji biyu na babbar sakandare muka yi kwalifayin, jarrabawar da in ka ci gwamnatin jiha ke biya maka kuɗin jarrabawar fita. Na ci, na yi sujada, don na san da na faɗi shi ke nan. Sai kuma a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana goyo a babur a cikin birni. Cikin kwana ɗaya sana'ar Yaya ta mutu. Kuɗin lesin da ya yi min alkawari, da littafin tsofaffin tambayoyi, duk suka bi ruwa. Ya zo gidan Gwaggo ya tsaya a zaure yana murza hula, ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata." Na ce, "Haba Yaya, ai ka yi mai wuyar."

Na zauna jarrabawar fita sakandare ta NECO a daminar wannan shekarar. Sakamako ya fito, ina da kiredit a Hausa, da addini, da lissafi, da wasu uku. Turanci kuwa D7. Ga wanda bai sani ba, daga A1 zuwa C6 ne kiredit, D7 da E8 fas ne kawai, F9 faɗuwa. Kuma kiredit biyar da ake nema a lokacin don shiga makarantar gaba da sakandare sai da Turanci da lissafi a ciki, in babu su ko kiredit nawa kake da shi takarda ce kawai. Mataki ɗaya ya rage min. Ɓangaren da ya kayar da ni na san shi, wanda ake tambayar wane wasali ne ya yi kama da wane, kuma a wace gaɓa ake danna murya. Yaron da ya tashi yana jin Turanci a falo da talabijin da kunne yake amsa wannan. Mu haddace shi muke yi kamar lambar waya.

Wasu 'yan ajinmu da suka faɗi sun koma irin makarantun nan na bayan gari da ake biya a rubuta maka amsa a allo, shekara na zagayowa suka fito da kiredit tara. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni. Yana ciki, amma kuɗin ma babu.

A 2014 Yaya ya samu Adaidaita Sahu na wani yana ja, ya biya min lesin na wata uku a wani wuri kusa da Sabon Gari. A nan na haɗu da wata yarinya Ibo, haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi tawa zama ta birni, har tana min dariya in na yi karin harshen ƙauye. Mahaifinta yana sayar da kayan gyaran mota. Mun shaƙu sosai, ita ke gyara min insha'i, ni ina nuna mata lissafi. Rana ɗaya ce muka kusa ɓatawa. Ta zo da wata takarda da aka yanko daga jarida, jerin makin da aka yanke wa kowace jiha a 2013 don shiga makarantun sakandaren tarayya. Cikin maki 200, ɗan Anambra sai ya samu 139. Zamfara kuwa 4 ga namiji, 2 ga mace. Yobe namiji 2. Ta ajiye min a kan benci ta ce, "Ƙanena a nan Kano aka haife shi, bai taɓa kwana goma a Anambra ba, amma 139 ake nema a wurinsa. Ku kuwa ko sunanku kuka rubuta kun ci. Wannan adalci ne?"

Raina ya ɓaci, na ce mata ni ba 'yar Zamfara ba ce, kuma ba wanda ya taɓa ba ni komai a kyauta. Amma da na koma gida na kasa barci, don ta wata fuskar tana da gaskiya. A Kano aka yanke mata cibi, a Kano ubanta ke biyan haraji, amma takardar indijin ta Kano ba za ta samu ba. Can inda za ta samu kuma ba ta san hanyar gidan kakanta ba sai an raka ta.

Da na fara zuwa gidansu sai na ga wani abin. Ɗaki ɗaya ne da falo, ba su fi gidan Gwaggo wadata ba. Amma akwai tarin littattafan tsofaffin tambayoyi da yayyenta suka bari, uwarta ta gama sakandare, Turanci ko buroka ake yi a gidan da coci da shago. Abin da ya fi ba ni mamaki, a wurinsu maza ne ke barin makaranta. Yayanta tun yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi wurin wani ɗan kasuwa yaron shago, zai yi shekaru a sallame shi da jari. Matan ne ake turawa karatu. Na ba ta labarin ƙawata ta ƙauye, ta yi shiru, ta ce ita a danginsu ba ta san macen da aka cire daga makaranta aka aurar ba. Ni kuma na ce mata mai maki 2 ɗin nan da take jin haushi, in ma akwai ta, ta yi sa'a da ta isa ɗakin jarrabawar.

Na gyara Turancina a ƙarshen shekarar, C6, da ƙyar da jiɓin goshi. A 2015 na yi JAMB, jarrabawar neman gurbi a manyan makarantu, shekarar da aka daina takarda da fensir gaba ɗaya aka koma kwamfuta. Kafin ranar sau biyu kacal na taɓa riƙe linzamin kwamfuta, a wani kafe, awa ɗaya ɗaya. Hannuna na rawa, kibiyar tana gudu ta bar inda nake so. Na samu 168 cikin 400. A shekarar 180 aka yanke wa jami'a, 150 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Haka na tafi kwalejin ilimi.

A can, a darasin tarihin ilimi, na fara jin tushen ratar. An buɗe sakandaren mishan ta CMS a Legas tun 1859. Makarantar boko ta gwamnati a Kano, wadda Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa, sai 1909, shekara 50 tsakani, kuma Turawa sun taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Har ila yau wannan makaranta ta Nassarawa da 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara ta, ba da 'ya'yan masu fura ba. Na kuma koyi yadda jami'o'in tarayya ke raba gurbi: kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Kano tana cikin jerin, haka ma Ebonyi da Bayelsa, don haka ba maganar Arewa kaɗai ba ce kamar yadda ake yaɗawa.

Ma'anar wannan kashi 20 ban gane ta a aji ba, a wani gida na gane ta. Ina shekara ta biyu na samu aikin koyar da yara lissafi da yamma a gidan wani Alhaji a unguwar masu hannu da shuni. Mutanen kirki ne, Hajiya ba ta taɓa barin na tafi ban ci abinci ba. Babbar 'yarsu tana shirin JAMB. Makarantar kuɗi take yi, tana da kwamfutarta, janareto ba ya mutuwa, malamai uku ke zuwa mata gida, kuma tun da nake zuwa ban ga ta ɗauraye kofi ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, ban raina mata ba. Amma wata rana na ji Hajiya tana waya tana cewa a je ƙaramar hukuma a karɓo mata takardar indijin, sai ta ambaci sunan ƙaramar hukumarmu. Ashe kakan Alhaji daga yankinmu ya fito. Yarinyar ba ta taɓa taka garin ba.

Na zauna da alli a hannu ina jujjuya abin. An sa jiharmu a jerin masu baya ne saboda irin su ƙawata da yaron ruga, su ne suka ja alƙaluman ƙasa. Amma rangwamen a ƙofar jami'a ake bayar da shi, su kuma ko ƙofar sakandare ba su kai ba. Da sunansu aka yi yanka, naman ya tafi gidan da tukunya ba ta taɓa sauka ba. Ni ban ce a soke tsarin ba, don na san 'ya'yan talakawan da ya taimaka, kuma in aka cire shi ratar shekara 50 ba za ta rufe kanta ba. Abin da nake cewa, fom ɗin yana tambayar jiharka da jinsinka, ba ya tambayar ko da tocila ka yi karatu. Ƙawata Ibo tana ganin ni na ci haƙƙinta, ni ina ganin ta fi ni gata, alhali ni da ita a benci ɗaya muke zaune muna raba biro.

Da ƙaramar sallar bara na je gida. Na tsallaka wurin ƙawata, yanzu 'ya'yanta biyar, tana sana'ar turara shinkafa, kuma ita ce uwar adashin matan unguwarsu, kusan mutum talatin. Ba ta rubuta komai. Ina zaune wata ta zo suna gardamar zubi, ta lissafa mata na mako goma sha ɗaya da ka, da ranar da ta yi fashi, da abin da ya rage. Na ciro waya na danna don in gwada ta, ya fito daidai. Ta harare ni ta ce, "Malama, har yanzu sai kin tsallako danga?" Muka yi dariya har da hawaye.

Da zan tafi ta kira 'yarta ta biyu, mai shekara goma sha ɗaya, ta ce ta ɗauko katin sakamakonta. Ta ɗaya, zango uku a jere. Ta ce, "Na yi magana da babanta, ya yarda. Ki tafi da ita. Ke ma Gwaggo ce ta ɗauke ki." Na shawarci maigidana, ya ce Allah ya ba mu ikon riƙewa. Bayan babbar salla aka kawo ta da kayanta a buhu.

Wata uku da zuwanta, wani dare ina gyara takardun ɗalibai, ruwa ya ƙare a randa. Ban ɗaga kai ba na ce ta ɗauki bokiti ta je famfon maƙwabta. Ta rufe littafinta ta miƙe ba musu. Sai da ta kai bakin ƙofa na lura da ƙanen maigidana, wanda ke zaune da mu yana aji uku, kwance a kan tabarma yana latsa waya. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce mata ta dawo ta zauna, na kira sunansa na miƙa masa bokitin. Ya dube ni, ya dubi yayansa. Maigida ya gyara zama ya ce, "Ba ka ji abin da Antinka ta ce ba?" Ya fita yana ƙunƙuni.

Fom ɗin jarrabawar shiga sakandare yana cikin jakata tun makon jiya. Ranar Asabar za mu je a ɗauke ta hoto.